Sakula ta koma WhatsApp: me kuka gani a ofisoshinku?

Ma'aikacin jiha, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. A wurinmu yanzu sakula, wato takardar sanarwa ta ofis, tana isowa waya kafin ta iso tebur, wani lokacin ma teburin ba ya ganinta sam. Ina son ma'aikatan jihar Katsina da na ƙananan hukumomi su faɗi abin da suka gani da idonsu. Don Allah kar a kama sunan ofis ko na mutum.

Malamar firamare, Daura:
Wa alaikumus salam. Ni kam na ga ranar WhatsApp. A da in za a tantance ma'aikata, sai hedimasta ya hau babur ya je sakatariya ya jiyo mana. Yanzu da daddare ake sa hoton takardar a guruf, da safe kowa ya fito da fayil ɗinsa. Waɗanda nake tausayi su ne malaman ƙauyukan wajen Baure da Zango masu ƙaramar waya. In ba a tuna an kira su ba, sai a rubuta sun ƙi zuwa.

Tsohon akawun rajista, Ƙofar Soro:
Malama, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. A zamaninmu takarda ba ta fita sai da lamba, da kwanan wata, da sa hannun wanda ya karɓa a littafin aike. Yau shugaba zai ba da umurni da saƙon murya, a kashe kuɗi, gobe ya goge. Ran da mai binciken kuɗi ya zo, ƙaramin ma'aikaci ne zai tsaya shi kaɗai. Kafin in aje aiki na ga takardar ƙarin girma ta bogi, da tambari da komai, har wani ya yanka rago. Duk umurnin da ya zo muku ta waya, ku nemi a biyo shi da takarda.

Ma'aikacin lafiya, Batsari:
Gaskiya ne Baba. Mu a Satumbar 2021 muka gane kurenmu, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga. Rahoton da muka saba turawa ta waya sai da muka riƙa ba direbobin Katsina. Wasu sun ma manta yadda ake cike fom ɗin takarda.

Mai kula da shafin wata hukuma, Katsina:
Ni matsalata daban. An ba ni shafin Facebook, amma ba a ba ni ikon amsa kowa ba. 'Yan fansho su cika ƙasan rubutu da tambaya, ni kuwa hoton taro kawai aka yarda in sa. Datar ma daga aljihuna take fita. Baba, irin wannan koken na jama'a, wane fayil ya kamata a buɗe masa?