Fom yana gogewa kafin a adana, ta ina zan fara gyara?

Ɗan Tawa:
Salamu alaikum ƴan uwa. Muna da manhajar rajistar manoman albasa, da Laravel (tsarin gina manhajojin intanet) aka gina ta. Fom ɗin dogo ne: suna, ƙauye, faɗin gona, buhu nawa aka ɗauka bara. A waya ake cika shi, can cikin garake, rezo ya zo ya ɗauke. Da an danna adanawa sai shafi ya nuna lambar kuskure 419, duk abin da aka rubuta ya bi iska. Sanarwa kuma wasu wayoyi na samu, wasu shiru. A taimaka.

Malam Issufu, Yamai:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Fom ɗinka lafiya lau yake, zaman mai shiga (session, wato bayanin da sabar ke riƙewa don ta gane wayar) ne ya mutu. Alamar tsaro ta CSRF, wadda ke tabbatar da cewa daga shafinka fom ya fito, a cikin zaman take ajiye, in ya ƙare ita ma ta ƙare, shi ne 419 da kake gani. Laravel minti 120 yake ba zama in wayar ba ta sake taɓa sabar ba. Wanda ya buɗe shafi da hantsi, ya shiga gona, bai danna ba sai bayan azahar, ai ya makara. Buɗe fayil ɗin saiti na .env, ka mai da SESSION_LIFETIME minti 480, sannan ka buga php artisan config:clear, don kada tsohon saiti ya ci gaba da aiki.

Amma in 419 na fitowa ko minti goma ba a yi ba, kuki (ɗan bayanin da burauza ke riƙewa don sabar ta gane zaman) za ka bincika. In SESSION_SECURE_COOKIE a kunne yake alhali shafin ba ya kan HTTPS (haɗin intanet mai tsaro), burauza ba za ta riƙe kukin ba, kowane danni sabon zama ne. In kuma sabar biyu ke raba aikin, SESSION_DRIVER yana kan file, zaman da ɗaya ta rubuta ɗayar ba ta san da shi ba. Mai da shi rumbun bayanai ko Redis, ma'ajiyar da sabar biyun za su riƙa karantawa tare.

Wajen gwaji kada ka zauna jiran awa biyu. Sa SESSION_LIFETIME minti 1, cika fom, jira minti 2, danna.

Hadiza:
Malam, da izininka, awa takwas ta yi yawa in waya guda mutum uku ke karɓa-karɓa da ita. Kuma tsawaita zama ba ya ceton rubutu in batir ya mutu ko rezo ya yanke. A wayar kanta ya kamata a riƙa ajiyewa. Duk sanda aka tsaya da rubutu na daƙiƙa 2, a zuba abin da ke fom cikin localStorage (ma'ajiyar burauza da ke cikin wayar), ƙarƙashin lambar ma'aikacin da ke cika shi. An sake buɗe shafi, a dawo masa da shi. Kada a goge sai sabar ta amsa cewa ta karɓa. Mutane da yawa nan suke kuskure, suna gogewa tun lokacin danni. Kalmar sirri ba ta shiga nan. Hoton gona ma haka, localStorage bai wuce kamar megabait 5 ba kuma rubutu kawai yake ɗauka, hoto sai IndexedDB, babbar ma'ajiyar burauza.

Sai wata matsala da za ta same ka nan gaba: rezo na jan ƙafa, mutum ya danna sau uku, manomi ɗaya ya fito sau uku a rajista. Ka ba kowane fom lambar UUID (lambar shaida tasa shi kaɗai) tun ana buɗe shi, ka sa wa gurbinta UNIQUE a rumbun bayanai, don kada lamba ɗaya ta shiga sau biyu. Gwada da waya ta gaske: cika rabi, sa ta yanayin jirgi, danna, rufe burauza, sannan ka dawo.

Sani:
Sanarwa ba ta aiki sai da HTTPS da izinin mai waya. A iPhone sai daga iOS 16.4 ta 2023, shi ma sai an ɗora manhajar a fuskar waya. A Android duba saitin tattalin batir, yakan tsayar da burauza in ba a buɗe take ba. In ka aika sanarwa aka mayar maka da lambar kuskure 410, rajistar wayar nan ta mutu, goge ta, ka sake neman izini ran da mai ita ya shigo.

Ɗan Tawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam Issufu, na duba, sabar biyu ce kuma file ne. Da Redis zan fara.