Sauron tsibirin nan ya hana mu sakat, a taimaka da shawara

Salamu alaikum jama'a, don Allah wanda ya sani ya taimaka. Mun zo hutu wani tsibiri ni da maiɗakina da yarinyarmu 'yar shekara 3, kwananmu 4 yau amma wallahi sauro ya fi mu cin hutun. Da dare ba matsala, akwai gidan sauro da fanka, na rana ne ya dame ni, wani baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, da sassafe da kuma dab da magariba yake sauka kuma idon sawu yake nema, ashe irinsa ne ke yaɗa zazzaɓin dengi, shi ya sa hankalina ya tashi don ƙwayar maleriyar da muke sha ba ruwanta da dengi.

Ina shafa maganin korar sauro mai sinadarin DEET kashi 30 cikin 100 a kan man kariyar rana, amma da mun shiga teku ko gumi ya karyo shike nan ya wanke. Sau nawa zan iya maimaita wa yarinyar a rana ba tare da ya cutar da ita ba? Ƙafarta duk ta yi rudu-rudu, sosawa take har jini, me zan shafa mata?