Na karɓi ɗariƙar Tijjaniyya, amma har yanzu ban ji daɗin lazimi ba

Sabon muridi:
Assalamu alaikum malamai. Wata biyu ke nan da muƙaddami ya ba ni izinin wuridi. Ina lazimi safe da yamma ba fashi, amma baki ne kawai ke motsi, zuciya tana kasuwa. Ta ina ake kamo bakin zaren?

Malamin zaure:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sabati. Fara da duba tsawon zamanka. Lazimi istigfari ne 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Mai jan Salatul Fatihi yana ba kowane harafi haƙƙinsa zai ci minti 20 ko fiye a zama ɗaya. In kana tashi cikin minti bakwai, to carbi kake ƙirgawa, harufan kuwa haɗiye su kake yi.

Sannan ka san dalilin jerin. Ba a zuba nono a ƙwarya sai an wanke ta, shi ya sa istigfari ke gaba. Kafin ka ɗauki carbi, ka tuno laifi ɗaya takamaimai na ranar, ƙaryar da ka yi a ciniki ko tsawar da ka daka wa iyali, ka nemi gafara a kansa. Salatul Fatihi kuma ka je wa muƙaddaminka ya fassara maka ita kalma kalma: mai buɗe abin da aka kulle, cikamakin abin da ya gabata, mai taimakon gaskiya da gaskiya, mai shiryarwa zuwa hanya madaidaiciya. Da yawa sun shekara suna ja ba su taɓa tambayar ma'anarta ba, abin yana da ban takaici.

Ka tsayar da wuri ɗaya mai tsarki, da alwala, ka fuskanci alƙibla, murya ƙasa ƙasa yadda kai kaɗai za ka ji. Wayar nan a bar ta a wani ɗaki.

Ɗan zawiya:
Ƙari a kan bayanin malam, rashin sanin hukunci ma yana cinye natsuwa. Lazimin safe lokacinsa daga sallar asuba zuwa hantsi, mai uzuri yana da dama har magariba. Na yamma daga la'asar zuwa isha, mai uzuri har fitowar alfijir. Wanda ya wuce ana rama shi, don alkawari ka ɗauka.

In ka yi kokwanto ko 60 ka ja ko 70, ka gina a kan 60, ka kammala, sannan ka yi istigfari 100 da niyyar gyara. Kada ka koma farko, nan waswasi ke samun ƙofa. Ci da sha suna ɓata lazimi, haka surutu, amma in mahaifi ko mahaifiya suka kira ka, ka amsa. Ka kuma ƙirga carbinka da kanka, na kasuwa da yawa 99 ne.

Mai hidima:
Ɗan'uwa, wanda ya tsaya a lazimi shi kaɗai a ɗaki yakan yi saurin gajiya. Ka nemi zawiyar unguwarku ka riƙa zama wazifa, wato zikirin da ake yi cikin jam'i: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, salatin Jauharatul Kamali 12. In ka tarar an fara, ka shiga daga inda suke, bayan an gama ka cike abin da ya wuce ka. Jauhara ba a karanta ta da taimama, mai taimama Salatul Fatihi 20 yake yi a madadinta. Ranar Juma'a bayan la'asar akwai zikiri har faɗuwar rana, shi in ya kuɓuce ba ramuwa.

Ka riga mutane zuwa, ka share wurin, ka shimfiɗa tabarmi, ka cika butoci, ka karɓi wankin farin ƙyallen da ake shimfiɗawa a tsakiya. A nan dattawa za su san sunanka, kai ma ka san wanda ba shi da lafiya da wanda aka yi wa rasuwa.

Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne jiran mafarki. Za ka ji ana hirar tarbiyya, wato horon ruhi don sanin Allah, da faila, wato kwararar albarkar ruhi, ta Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, ka ɗauka an bar ka a baya. Tarbiyya tana da nata izini da nata malami, ba a ɗaukar ta daga hirar majalisa. A yanzu ka duba ko kana samun salloli biyar cikin jam'i, da yadda kake da iyayenka, don suna cikin sharuɗɗan da aka karanta maka ranar da ka karɓa.