Musayar baitoci: Galma da ƙauyukan bakinta

Ɗan Ƙofar Doka:
Assalamu alaikum. Ran Asabar na hau babur daga Zariya na bi hanyar Jos, na wuce Dakace, na gangara ƙauyukan bakin kogin Galma. Ga tsarabar da na zo da ita. Sharaɗi: ƙwar huɗu, babban amsa-amo "ma". Wanda ya karya shi zai saya wa kowa rake.

Da sunan Allah zan fara,
Na baro birni da ƙura da ƙara,
Na bi ta Dakace na gangara,
Sai ga ni tsaye a bakin Galma.

Hazon hunturu kwance kan ruwa,
Zalɓe tsaye, ba ya ko motsawa,
Mai fito na ta kaiwa da komowa,
Yaro a gaɓa yana gyaran koma.

Na zauna a gindin tsamiya,
Fura da nono cike da ƙwarya,
Gasasshiyar tarwaɗa, ba ƙarya,
Na manta da tsire, na manta da nama.

'Yar Samaru:
Wa'alaikumus salam. Sannu da hanya, Yaya.

Yaya, yini guda ka yi ka dawo,
Ka cika mu da labarin yawo,
Kifin nan ko ƙaya ba ka kawo,
Sai hoto, sai baiti, sai kalma.

Mu ma Kubanni muna da ita,
Jami'a ta datse tana shan ruwanta,
In ta ratsa Zariya da tafiyarta,
Kogin naka take kai wa hidima.

Shi kuma ya miƙa wa Kaduna,
Kaduna ta kai wa Neja amana,
Ruwan da ka yaba har da na ƙofar gidana,
Sai ka juyo ka gode mana mu ma.

Jami'ar Ahmadu Bello nake nufi, wadda aka buɗe a 1962. Madatsar na cikin harabarta, kar wani ya ce na ƙirƙira don baiti ya zauna.

Jikan Sarkin Ruwa:
Na yi niyyar in karanta in wuce, amma a bakin kogin nan aka binne cibiyata, shiru ba zai yiwu ba.

Ɗan birni, ka zo mana da rani,
Kogi ya kwanta, ka ce ka gani,
Dawo da marka ka tambaye ni,
Ranar da ya haura ya cinye fadama.

Shinkafarmu ta nutse har kai,
Hanya ta yanke, sai jirgi kawai,
Mai naƙuda a kwale-kwale ake kai,
Ana ta salati a ƙetare da salama.

Zalɓen nan da ka yaba tsayuwarshi,
Kifi yake jira, yunwa ke cin shi,
Tun da tipa ta fara kwasar yashi,
Gaɓa ke zubewa, tana cin wurin noma.

A da karfasa sai mun zaɓa,
Ragon ruwa har a bakin gaɓa,
Yau ka jefa birgi, ka ja, ka duba,
Leda da robar lemo ka kama.

Wannan ledar kuwa, ƙanwata ta Samaru, a cikin ruwan ƙofar gidan naki take zuwa mana. Godiyar sai a dakata tukuna.

'Yar Samaru:
Kai! Na janye.

Ɗan Ƙofar Doka:

Na karɓi gyara, ɗan'uwa,
Idon baƙo na kan ƙawa,
Mai ɗaki ya san wurin zubar ruwa,
Ni dai inuwa na gani na shimfiɗa tabarma.

Goggon Hunkuyi:
Jikata ce ke rubuta min, ni ina faɗa. Ta ce wai baitina ya yi tsawo, na ce ta rubuta kawai.

Ku yara duk kun tsaya kan kifi,
Ku zo lambu ku ga abin da ya fi,
Inji ya kori jigo don ya fi shi ƙarfi,
Tumatir jajir kamar an shimfiɗa darduma.

Kwanduna jere a bakin hanya,
Dillali ya taya ba ko kunya,
In ka ƙi, rana ta mai da shi miya,
Haka nan za ka ce masa ka sallama.

Ku ƙarasa Maƙarfi ƙasar rake,
Ku tsaya ku yi kallo a tsanake,
A matse ruwansa, ga kasko a girke,
Mazarƙwaila ta fito, ƙanwar zuma.

Malamin Wusasa:
Allah ya ƙara girma, Goggo. Tunda kin fito da mu daga ruwa, bari in hau da mu dutse.

Ku hau Kufena da sanyin safe,
Kafin rana ta mai da shi ƙarfe,
Ku ga rimayen Zazzau tsaye a kafe,
Ga ganuwa kwance, tsohuwa mai girma.

Turunku na kudu a kan hanya,
Can ne tushe, in ji manya,
Kafin a taso a kafa Zariya,
Garin Bakwa ne da Amina jaruma.

Jikan Sarkin Ruwa:
Malam, dutse na nan, ba ya ambaliya, kowace rana ana iya hawansa. Mu koma kogi.

Duk wanda ya shirya, ga gayyata,
Ba yanzu ba, sai watan Agusta,
Ku tuɓe takalma a bakin gadarta,
In ɗauke ku a jirgi mu ƙetare da yamma.

Ɗan Ƙofar Doka:

Agusta kam ina da uzuri,
Ga ciwon baya, ga hidimar gari,
Ban iya iyo ba, ka yi haƙuri,
Ni dai a bar ni a kan tudu.

'Yar Samaru:
Yaya, "tudu" da "ma" ta ƙare? Tsoron jirgi ya sa ka karya sharaɗinka da bakinka. Rake ya hau kanka.

Goggon Hunkuyi:
Na Maƙarfi nake so, ɗana, ɗauri guda. Ka zaɓo mai laushi, haƙoran sun tafi.