Me za mu kira "cold chain" da Hausa?

1/ 'Yan'uwa masu fassarar labaran kasuwanci, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Abin da ake nufi shi ne kaya su bar ma'ajiya, su hau jirgin ruwa, su koma tirela, su sauka a rumbun ƙanƙara, sanyinsu bai katse ba a hanya. Daskararren kifi yana son digiri 18 ƙasa da sifili, yawancin alluran rigakafi kuma tsakanin digiri 2 da 8.

2/ Kalmar ta zame mana dole ne saboda tsada. Tun da Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, dizal ya yi tashin gwauron zabi. A Najeriya litar da ke wajen naira 300 a farkon shekarar ta haura 800 kafin ƙarshenta. Motar firji kuwa baki biyu gare ta: injin tafiya da injin sanyi. Ko direba ya tsaya barci a hanyar Legas zuwa Kano, na biyun yana nan yana shan mai. Mai dakon siminti zai kashe mota ya jira. Mai dakon kifi in ya kashe, kaya sun lalace.

3/ Daga ƙarshen 2023 kuma, hare-haren 'yan tawayen Husi na Yemen a Bahar Maliya suka sa jirage da yawa zagayawa ta kudancin Afirka. Ƙarin kwanaki a teku, ƙarin wuta ga kowace kwantenar firji, ƙarin kuɗin inshora. Duk wannan a kan farashin kayan da aka ɗauko yake saukowa.

4/ Na ga ana rubuta "sarƙar sanyi". Ban gamsu ba, domin Bahaushe ya ji sarƙa, ta wuya ce ko ta ɗaure fursuna. "Jigilar kayan sanyi" ta fi rikitarwa, mai sauraro zai ɗauka lemo ne ko rigunan hunturu.

5/ Ni na fi son "riƙon sanyi". Riƙo yana nuna amana ce ake miƙawa hannu zuwa hannu, wanda ya saki shi ya ɓata. Ku gwada a jimla: "Tsadar dizal ta ninka kuɗin riƙon sanyi." "Riƙon sanyi ya katse a hanya, allurar ta lalace." Motar kuma a bar ta motar firji yadda direbobi ke kiranta.

6/ Malamanmu na Nijar, yaya ma'aikatan rigakafi ke faɗinsa a can?