Wasan DOS a cikin burauza, a ina yake gudana?

Mai_Tambaya: Jama'a, na buɗe Prince of Persia, wasan tsohuwar manhajar kwamfuta ta DOS, a shafin adana tsofaffin abubuwa na Internet Archive, ya tashi ban girka komai ba. A kwamfutarsu yake gudana ko a tawa?

Injiniya: A taka, ɗan'uwa. Shafin yana turo DOSBox, wato kwamfutar kwaikwayo, haɗe da fayil ɗin wasan, burauzarka ta tayar da su. Idan ya gama lodi, galibi ko intanet ya yanke wasan zai ci gaba.

Hajiya_Linux: WebAssembly, wato fasahar gudanar da manhaja da sauri a cikin burauza, ita ce ta ƙara wa irin wannan sauri tun 2017. Har Linux, babbar manhajar kwamfuta, ana tayarwa haka, ka duba v86, wata kwamfutar kwaikwayo ta cikin burauza. A waya ne nake shan wahala, babu maɓallan kibiya, ga zafi.

Mai_Tambaya: Na gode. Bari in haɗa kibod in gwada.