Ƙanena ya faɗa hannun 'yan damfara, bashi ya sha kansa

Assalamu alaikum. Ƙanena ya ci bashin banki, ni na tsaya masa, ya zuba kuɗin a wani shafin zuba jari na intanet. Da ya nemi cire ribarsa suka ce sai ya biya haraji tukuna. Ya biya, suka rufe shafin.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, shiru. Banki ya ce da hannunsa ya tura kuɗin, ba za a dawo da su ba. Mun roƙi a sassauta biyan wata-wata, an ƙi, ruwa kuma sai hauhawa yake. Yaron ko barci ba ya yi.

Idan kotu ta tabbatar da karayar arzikinsa, bashin zai dawo kaina ne tunda ni na tsaya masa?